Yashin Ramliya Bai Karanta Takardata Ba

Wata uku na yi ina tsara tafiyar nan. Kullum bayan isha'i sai in buɗe kwamfuta, in baza taswirar Maroko a gefe, in yi ta jan layi daga wannan gari zuwa wancan. Da na gama, komai ya shiga takarda guda: kwana takwas, mu tashi daga Marakesh, mu tsallake tsaunukan Atlas, mu gangara bakin Sahara, mu bi daji zuwa Zagora, mu keta busasshen tafkin Iriki mu ɓulla Fum Zigid, sannan mu dawo inda muka fito. Kowace rana da layinta: garin tashi, garin kwana, kilomita nawa, ina za a sha mai. Har launi na sa, baƙi kwalta, ja hanyar daji. Saboda takardar nan ne abokan tafiyata suka laƙaba mini Madugu, ni kuwa sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda na nuna.

Mu huɗu ne. Akwai Likita, dogon mutum mai sanyin magana. Akwai Auta, wanda bai cika talatin ba, kuma duk cikinmu babu mai son murɗa totur kamarsa. Sai ni, sai Baba. Ba mahaifin kowa ba ne a cikinmu, furfura ce ta ba shi sunan. Ya haura sittin, kuma tun ba a haifi Auta ba yake shiga daji da babur.

Ranar da na tura musu takardar, Likita ya ce madalla, Auta ya ce shi a shirye yake ko gobe. Baba kuwa kirana ya yi.

"Madugu, na ga kilomita. Ina awa?"

Na ce, "Baba, ai lissafi ne mai sauƙi. A raba kilomita da gudu."

"Gudun wa?"

Ban ba shi amsa ba, shi ma bai matsa ba, ya ce Allah ya kai mu. Amma a raina ina da amsar. Gudunsa mana. Tun ranar da ya faɗi babur ɗin da zai karɓa na riga na yanke cewa shi ne zai riƙa ja mana tafiya baya, har na ƙara rabin awa a ɓoye a kowace rana, na kira ta a zuciyata rabin awar Baba.

Baburan nan da ake hawa kwalta da su a kuma shiga daji iri biyu ne, ko da yake masu su kan kwana suna musun inda iyakar take. Akwai ƙananan, marasa nauyi, masu dogayen ƙafafu, waɗanda asalinsu na daji ne aka maƙala musu fitila da lamba. Akwai kuma manyan, na cin dogon zango da kaya. Dukansu daga tushe ɗaya suka yi reshe. Tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, Cyril Neveu ne ya lashe ɓangaren babura na farko a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya wanda ba shi da wani ƙyale-ƙyale. A 1980 BMW ta fito da R80 G/S, haruffan biyu na nufin daji da titi da Jamusanci, shekara ta zagayo Hubert Auriol ya ci Dakar a kan BMW. Daga nan manyan suka yi ta ƙara ƙiba shekara bayan shekara. Wanda na karɓa haya, R1250GS, nauyinsa kilo 249 da cikakken tanki, tun kafin in ɗora masa akwatunan ƙarfe uku da na shaƙe da kaya. Likita da Auta suka ɗauki Yamaha Ténéré 700, wajen kilo 205 kowanne. Baba ya zaɓi Honda CRF300L: kilo 142, tankin da bai kai lita takwas ba, ya ɗaure wata 'yar jaka mai laushi a baya da ƙaramar jarkar mai, shi ke nan. Da aka jera su a harabar masu hayar, nawa kamar giwa, nasa kamar ɗan maraƙi.

Kafin mu tayar, Baba ya tara mu. Ya ce shi ba shi da doka da yawa. Ba a tafiyar dare. Duk inda aka ga mai a cika, ko da tanki bai yi rabi ba. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce wadda ta fi su duka ita ce, kowa amanar na bayansa ke hannunsa, ba na gabansa ba. In ka zo mararraba ka tsaya, kada ka karya kwana sai na bayanka ya gan ka da idonsa. In ka duba madubi ba ka ga fitilarsa ba, ka rage gudu, in har yanzu babu shi ka tsaya. In kowa ya yi haka, tsayuwar mutum ɗaya za ta bi layi har ta kai ga na gaba. Muka ce mun ji. Ni ne a gaba, Auta na bi na, sai Likita, Baba na rufe baya.

Ba a yi awa huɗu ba na karya ta.

Hanyar da ta tashi daga Marakesh zuwa Warzazat ta mashigin Tishka take bi, wanda allon da ke ƙolinsa ya ce mita 2,260. Watan Nuwamba ne, tun muna rabin hawa sanyi ya fara shiga ta wuyan riga. A nan giwata ta nuna halinta. Kwana bayan kwana, in kwantar da ita dama in tayar in kwantar hagu, in wuce manyan motoci kamar suna tsaye, hannun babur ɗin ma ɗumama kansa yake yi. Ɗan maraƙin Baba kuwa, a irin wannan hawa ga iska ta yi ƙaranci, sai kuka ba gudu. Kusa da ƙolin akwai wata kwana da ta yi hagu zuwa Telwet, ita ce a takardata. Na sa sigina na shige, Auta da ke manne da ni ya biyo ni, shi ma bai waiga ba. Likita kuwa ya rage gudu can baya yana jiran Baba kamar yadda aka ce. Da suka iso mararrabar babu kowa, sai suka miƙe kan babbar hanya.

Muna zaune a gindin tsohuwar fadar Telwet, gidan dangin Gilawi waɗanda ɗansu Tuhami ya riƙe sarautar Marakesh har zuwa 1956, ina ta yi wa Auta bayanin yadda ayarin gishiri ke biyan kuɗin fito a nan da can, sai na lura rabin awar Baba ta cika ta wuce. Waya babu sabis. Sai da muka koma mararrabar, muka hau wani tudu, saƙonsu ya shigo: sun yi nisa a gangaren kudu kafin su gane. Awa biyu cur muka yi asara. Da muka haɗu na fara kame-kame, wai ai na tura wa kowa layin hanya a waya. Baba ya cire hular kwano, ya shafa kansa, ya ce, "Madugu, ni da hannu biyu nake tuƙi, ido biyu kuma na kan hanya. Da wanne zan karanta waya?" Bai ƙara ko kalma ba. Muka bi kwarin Unila da jajayen duwatsunsa, muka isa Ait Bin Haddu rana na gab da faɗuwa, muka kalli garin ƙasar nan da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi a 1987 daga tsallaken rafi, don lokacin shiga ya ƙure.

Kwana biyun da suka biyo baya sun tafi yadda aka rubuta, shi ya sa ba ni da labarinsu da yawa. Mun ga doguwar hasumiyar tashar hasken rana ta Nur a wajen Warzazat, mun hau kwanonin Dades masu kama da maciji ya naɗe, mun ratsa matsatsin Todra kusa da Tingir inda bango biyu na dutse suka matso har sama ta koma siririn ƙyalle. Duk kwalta ce. Ina gaba, a kowace mararraba ina tsayawa kamar soja, kuma a kowace tsayuwa ina duba agogo in ga minti nawa Baba ya ci mana.

A Risani muka ɗan ratse zuwa kufan tsohon birnin Sijilmasa. Babu abin da ya rage sai guntayen bangon ƙasa, amma daga nan ne shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya bi ayari a 1352 zai tafi Mali, kwana 25 kafin su kai Tagaza garin gishiri. Baba ya daɗe tsaye a wurin, hannunsa a baya. Ni hankalina na kan Marzuga, don tun daga nesa ake hango tuddan rairayin Shabbi, jajaye, wasu sun kai mita 150, sun taso daga baƙar ƙasa mai tsakuwa kamar wani ne ya juye su a wurin.

Da la'asar, bayan mun sauke kaya, Baba ya ce a fito a ɗan yi wasa da yashi a gefen tuddan, gobe kada ya zama baƙo. Likita da Auta suka fita. Ni na ce ina da aikin duba hanya, kuma ai na kalli bidiyo da yawa: a miƙe tsaye, a mayar da nauyi baya, a riƙe totur, a kalli nesa. Na zauna a inuwa da takardata ina jin ihun Auta duk sanda ya faɗi. A layin gobe na rubuta Marzuga zuwa Zagora, wajen kilomita 250, kusan duka ja. Na ba mu awa bakwai, har da ta Baba.

Da sassafe muka cika tankuna da gorunan ruwa, kowa lita uku a jakar baya da wasu a kaya. Kwalta ta raka mu zuwa Tawuz, daga nan ta yi mana sallama. Yankin nan dab yake da iyakar Aljeriya, wadda ke rufe tun 1994, saboda haka akwai wuraren binciken jami'an tsaro. Abu ɗaya da tsarina ya yi rana ke nan: na buga ƙananan takardu masu ɗauke da suna da lambar fasfo da lambar babur na kowa, inda aka tare mu sai dai mu miƙa guda mu wuce, ba sai an zauna kwafa da hannu ba. Na ji daɗin kallon da Likita ya yi mini.

Zuwa Uzina hanya ce mai tsakuwa da ƙwanƙwasa, irin ƙananan kunyoyin nan da tayoyin mota ke yi wa ƙasa, masu girgiza haƙora. Can da can sai harshen yashi ya ratso hanya, taku ashirin ko talatin. Na farko kan babur ɗin ya yi rawa a hannuna, gabana ya faɗi, amma na fita. Na biyu ma haka. Na fara cewa a raina ashe abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Saboda ƙura mun ba juna tazara sosai, kowa na hango na gabansa kamar ɗan hayaƙi. Wajen sha ɗaya muka shiga Ramliya. Sunan ma ya isa gargaɗi ga mai ɗan Larabci, ramlu ai yashi ne.

Bayan ƙauyen ne hanya ke tsallaka kogin Garis. Babu ruwa ko ɗigo, sai faffaɗan kwari cike da gajerun bishiyoyi da wata irin ƙasa da direbobin sahara ke kira fesh-fesh. Ba yashi ba ne irin na tudu. Gari ne lukwi kamar siminti, in ka taka sai ƙafa ta nutse ya yi sama ya rufe ka, kuma a ƙarƙashinsa akwai zurfafan sawun motoci da ido ba ya gani. Hanya ba ɗaya ba ce, ta rabu goma, kowace ta kewaya wata bishiya ta ɓace. A bakin kwarin Baba ya tsaya ya rage iskar tayoyinsa, su Likita suka yi koyi da shi, daga talatin da ɗoriya zuwa wajen ashirin a ma'auni. Ni na ce nawa mai nauyi ne, ina tsoron wili. Wani matashi daga ƙauyen ya biyo mu a kan ƙaramin babur, da silifa a ƙafarsa, ya ce zai nuna mana inda ya fi tauri. Na gode masa na ce ina da layi a na'urar nuna hanya.

Faɗuwar farko abin dariya ce. Tayar gaba ta faɗa sawu, na tsorata na saki totur, kan babur ya nutse, na tsinci kaina a kwance cikin gari. Auta ya zo yana ƙyalƙyata, muka ɗaga. Ta biyu ma an yi dariya. Ta uku babu wanda ya yi.

Wanda bai taɓa ɗaga babur mai nauyin nan a cikin fesh-fesh ba, ga yadda abin yake. Ka sa shi a giya don kada ya gangara. Ka juya masa baya, ka jingina ƙugu da kujera, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙafa a hankali. A kan ƙasa mai tauri yaro ma zai iya. A nan kuwa ƙafar da za ka tura da ita ce ke nutsewa, babur ɗin yana zamewa gaba, kana cikin riga mai sulke da takalmi har gwiwa, rana ta take. In ya tashi kuma sai ka tayar daga tsaye, wanda shi ne mafi wuya, don gudu ne ke ɗaga tayar gaba saman yashi, kai kuwa ba ka da shi. Ina murɗa totur sai in ji injin ya yi kamar an shaƙe shi, ya ƙi ja. Na zaci ya lalace.

A faɗuwa ta biyar na sa ƙafa ƙasa don in tare, akwatin hagu ya biyo ta ya danne mini dunduniya. Na yi ƙara. Likita ya jingina nasa da bishiya ya zo da gudu, suka ɗage, ya kwance mini takalmi ya lallatsa idon sawun, ya ce in motsa yatsu. Ba karaya, takalmin ya yi aikinsa. Sai ya tsaya yana kallon fuskata.

"Madugu, yaushe rabonka da fitsari?"

Na yi tunani. Tun Marzuga. Ya matsa jakar ruwan bayana, ta yi fayau, na shanye lita ukun ban sani ba, duk na zubar da su gumi. Ya ce in miƙo hannu, na miƙa, yana rawa. Ya ja ni gindin wata bishiya, ya cire mini riga, ya kaɗa mini gishirin nan na maganin bushewar jiki a gora, ya ce in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kuma ko na ga gobara kada in tashi sai ya ce. Na duba na'ura. Awa ɗaya da rabi, ba mu ci kilomita biyu ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Baba duk wannan lokaci bai ce komai ba. Ya riga ya je gaba ya dawo sau biyu, yana tsaye kan matakan ƙafa, ɗan maraƙinsa na shawagi kamar kwalekwale. Ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ɗan jima, sannan ya ce, "Madugu, wata alfarma nake nema. Tun Marakesh nake sha'awar giwar nan taka, kunya ta hana ni tambaya. Ara mini ita in ɗana, kai ka riƙe mini nawa zuwa tsallake."

Na san abin da yake yi, ya san na sani. Na ce, "Baba, ai taka ce."

Bai hau nan take ba. Sai da ya sa Auta ya ciro akwatunan uku ya jera a ƙasa. Ya rage iskar tayoyin. Sannan ya kunna allon babur ɗin, ya daddanna, ya kira ni in gani: na'urar nan mai hana tayar baya sulɓi a kunne take, a tsarin kwalta. A titi mai ruwa ita ce ke ceton rai. A yashi kuwa, inda dole taya ta yi ta juyawa tana haƙa kafin ta kama, duk sanda ta fara juyi sai na'urar ta yanke wuta. Shaƙewar da nake ji ke nan. Babur ɗin ba shi da laifin komai, abin da na ce ya yi yake yi. Matashin nan mai silifa, wanda ashe bai tafi ba, yana can gefe yana kallonmu, Baba ya yafito shi, suka daidaita, ya ɗaure akwati biyu a bayan ɗan babur ɗinsa ya ce mu bi sawunsa, ya karkata dama nesa da layin da ke na'urata.

Baba ya tayar a giya ta biyu, ya ba ta wuta, gari ya turnuƙe, giwa ta yi gurnani ta miƙe. Bayanta na wutsil-wutsil hagu da dama, shi kuwa ko a jikinsa, ya saki hannu ya bar kan yana rawarsa. Sau ɗaya ta kayar da shi. Da muka iso muka tarar yana kwance a gefenta ya harɗe ƙafa. Ya ce, "Ni na daina ɗaga babur ni kaɗai tun ina ɗan hamsin. Me ya sa kuke tsammani nake yawo da yara?"

Ni kuwa da na hau nasa, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Kilo ɗari da wani abu ne bambancin, amma a jiki ya fi haka. Ya karkace, in taka ƙasa in mayar da shi. Ya faɗa sawu, in ƙara wuta ya fito. Na faɗi sau biyu duk da haka, kuma sau biyun na ɗaga shi da kaina kafin wani ya iso. A wani ɗan miƙaƙƙen wuri na samu na shiga giya ta uku, sai na ji tayar gaba ta taso saman garin, komai ya yi laushi, abin da bidiyo ke ta faɗa ke nan ban gane ba. Bai fi daƙiƙa goma ba, amma har na yi ihu a cikin hula.

Ƙarfe uku saura muka taka ƙasa mai tauri. Kwarin da ya cinye mana kusan awa huɗu bai kai kilomita biyar ba a na'ura. Muka mayar da akwatuna, muka sallami matashin. Sai ga ni, da ƙafa mai zogi, ina cewa in muka ƙara wuta za mu iya kama Zagora, tunda na riga na kama mana masauki a can. Saura fiye da kilomita 160, ga ranar Nuwamba ba ta daɗewa. Auta ya goyi bayana, shi kullum gaba yake so. Likita ya ce shi ba zai sa hannu mutumin da hannunsa ke rawa ya yi tuƙin dare a daji ba. Baba ya ce Tafrawut Sidi Ali na nan gaba kaɗan, akwai masaukai, akwai masu sayar da mai a jarka, tankinsa ma ya yi ƙasa don yashi shan mai yake kamar rami. Ya ce masaukin Zagora ba zai gudu ba. Na yi shiru, don na lura kowa ya daina kallon takardar, ni suke kallo.

Wannan gardama ce ta mantar da mu ƙara iska. Bayan kwarin fili ne shimfiɗaɗɗe mai baƙaƙen duwatsu, Auta ya ga sarari ya buɗe wuta, ba a yi minti ashirin ba ya daki wani dutse da tayar gaba. Taya mai ƙarancin iska in ta daki dutse, wili ne ke matse tib ɗin ciki ya huda shi wuri biyu, kamar saran maciji. Wannan karon dokar ta yi aiki: ban ga fitilarsa a madubi ba, na tsaya, na juya. Babu abin da za a ɗora babur ɗin a kai a filin nan, sai Likita ya kalli akwatina. Muka ciro guda muka tura ƙarƙashin injin, tayar gaba ta tashi sama. Baba ya zaro sabon tib mai inci 21 daga 'yar jakarsa. Ya ce shi kaɗai yake ɗauka, don in ta ɓaci ana iya cusa shi ko a tayar baya ya kai mutum gari. Ƙarafan ɓanɓare taya biyu, ɗan ruwan sabulu a gefen roba, famfon hannu da muka yi ta karɓa-karɓa. Auta ya so ya yi sauri, Baba ya riƙe hannunsa ya ce a hankali, rabin masu faci a daji da ƙarfensu suke sake huda sabon. Minti arba'in. Muka bi sauran tayoyin bakwai muka cika su, muka shiga Tafrawut rana ta zama ja a bakin tsauni, inuwarmu ta yi tsawo a gefen busasshen tafkin Maidar.

Da dare, a tsakar gidan masaukin, Baba ya ce in ba shi takardar. Ta yi laushi da gumi, jan layin ya zuba. Ya ciro biro ya bi kwanakin da muka yi ɗaya bayan ɗaya, a gefen kowace kilomita yana rubuta awannin da ta ci da gaske. A layin ranar ya rubuta 10, ga shi rabin hanya muka yi. Ya miƙo mini biron ya nuna layin Iriki, wanda shi ma ja ne daga farko har ƙarshe, kuma akwai yashin Mahamid kafin a kai tafkin. Yanzu muna bin kwana ɗaya bashi, ga ƙafata ta kumbura. Na ɗan riƙe biron. Iriki ne dalilin da ya sa na fara tsara tafiyar tun farko, hoton filin nan fari fat ne a fuskar kwamfutata wata uku. Na soke shi da hannuna. Sannan na gaya musu labarin rabin awar Baba. Auta ya yi dariya har ya kwanta. Baba ya ce, "Ai da ka faɗa mini da na ce ka mayar da ita awa guda. Kowace tafiya akwai mai cin ta, ba a dai sanin ko wane ne sai an fita."

Washegari Likita ne a gaba, ni na biyu, a kan giwata, an kashe abin da ya kamata a kashe, akwati ɗaya an rage masa kaya an rarraba. Hanyar ta fi ta jiya sauƙi nesa ba kusa ba, tsakuwa da fili da ɗan yashi jefi-jefi, ta Um Jaran. Mun shiga Zagora da azahar. A cikin garin akwai sanannen allon nan mai zanen raƙuma da aka rubuta Tumbuktu kwana 52. Muka jera babura muka ɗauki hoto kamar kowa. Baba ya matso kusa da allon, ya duba sama ya duba ƙasa kamar mai neman wani abu, ya juyo ya ce, "Madugu, zo ka taya ni. Ban ga inda suka rubuta kilomita ba."

Ta kwalta muka koma, muka bi kwarin Dara da dabinansa zuwa Agdaz, muka sake hawa Tishka, wannan karon farin ƙanƙara ya sauka a kan tsaunuka. A Marakesh mai karɓar baburan ya zagaya na Baba sau ɗaya ya sa hannu. Ya zagaya na su Likita. Da ya zo kan nawa sai ya rage sauri. Ya shafa ƙarfen da ke kare injin, hagu da dama duk sun goge. Ya duba akwatin da ya lotsa, ya duba madubin da muka ɗaure da waya. Ya buɗe matatar iska ya buga ta a tafin hannunsa, farin gari ya zubo. Ya murza shi da yatsa biyu, ya ɗago ya kalle ni.

"Ramliya?"

Na ce Ramliya.

"Sau nawa?"

Na ce bakwai. Auta daga baya ya ce, "Yaya, biyu a kan babur ɗin Baba ne, kada a caje ka su."